Kifin da Aka Ce a Kulle Yake: Tarihin Bijimin Shak na Tabkin Nikaraguwa

Ni ɗan Damagaram ne, kuma ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne kogin Kwara a Yamai. Shi ya sa da na shaida wa abokan ƙungiyarmu cewa rubutuna na wannan karo a kan kifin shak ne, sai da aka yi dariya. Wani ya ce, "Kai da ko iyo ba ka iya ba, me ya haɗa ka da shak?" Abin da ya haɗa mu gardama ce. Wani dare muna hira a ɗakin kwana na rantse cewa shak ba ya rayuwa sai a ruwan gishiri, don haka na haddace tun ina ƙaramar lakwal. Wani abokina mai karatun ilimin halittu ya ce ba haka ba ne, akwai shak a cikin wani tabkin ruwan daɗi a Amurka ta Tsakiya. Na ce ƙarya ne. Ya ce in je in bincika. Na bincika, na sha kaye. Amma a cikin binciken na tarar cewa ba ni kaɗai na taɓa rantsuwa a kan abin da ban gani ba game da wannan kifi. Manyan masana sun yi haka kusan shekara ɗari. Tarihin wannan kuskure nake so in ba ku, ƴan uwana ɗalibai, da abin da ya biyo bayan gyara shi.

Bari mu fara da kifin kansa. Masana suna kiransa Carcharhinus leucas, sunan da aka ba shi tun 1839. Masu jin Ingilishi sun kwatanta shi da bijimin sa, saboda kaurin jiki da gajeren hanci mai faɗi da kuma faɗa. A Faransanci kuwa da kare mai murtukakkiyar fuska aka kwatanta shi. A kudancin Afirka ana ce masa shak na Zambezi, don ana kama shi a cikin wannan kogi. Ni zan kira shi bijimin shak. Macen ta fi namijin girma. Tsawonta yakan wuce mita biyu, nauyinta ya wuce kilo 100, kuma a 2009 an kama wata mai kusan mita huɗu a kogin Breede na Afirka ta Kudu. Yana son ruwa mai ɗumi, marar zurfi, mai laka, irin na bakin teku da inda kogi ke faɗawa cikin teku. Ba ya zaɓen abinci: kifi, kunkurun ruwa, tsuntsu, har ƙananan ƴan uwansa shak.

Abin da ya bambanta shi da galibin danginsa shi ne yana iya barin ruwan gishiri ya shiga ruwan daɗi ya daɗe. Ga yadda abin yake. Jinin shak cike yake da gishiri da sinadarin yuriya, wannan dai da manomanmu suka sani a buhun takin zamani. Su ne ke hana teku zuƙe ruwan jikinsa. In aka jefa shak na teku cikin kogi, ruwa zai yi ta kwarara cikin jikinsa, gishirinsa ya tsiyaye, ya mutu. Shi kuwa bijimin shak in ya shiga kogi sai jikinsa ya rage yuriyar da ke cikin jini, ƙodarsa ta shiga fitar da fitsari mai yawa marar kauri, wata ƴar gaɓa da ke kusa da duburarsa mai aikin zubar da gishiri ta rage aiki don a yi tattalin wanda ya saura. Da wannan baiwa aka same shi a kogin Amazon kusa da garin Iquitos na ƙasar Peru, fiye da kilomita 3,000 daga teku. A 1937 wasu masunta biyu sun kama shi a kogin Misisifi, a garin Alton na jihar Illinois, can tsakiyar Amurka.

To, yanzu sai tabkin. Nikaraguwa ƙasa ce a Amurka ta Tsakiya, tekun Fasifik a yammacinta, tekun Karebiyan a gabashinta. A kudu maso yammacin ƙasar akwai tabki mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 8,000, wanda ya fi kowane tabki girma a yankin. Mutanen wurin suna ce masa Cocibolca. A tsakiyarsa akwai tsibirin Ometepe mai duwatsu biyu masu aman wuta. Ku riƙe abu biyu a kai, don duk labarin a kansu ya rataya. Na farko, tsakanin tabkin da tekun Fasifik akwai ƴar siririyar ƙasa da ba ta wuce kilomita 20 ba a inda ta fi matsewa. Na biyu, ruwan tabkin ba Fasifik yake zuwa ba. Yana fita ne daga garin San Carlos, ya bi kogin San Juan wajen kilomita 200 zuwa gabas, ya faɗa Karebiyan. A kan wannan kogi akwai wurare da dama inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu.

A 1523 wani jagoran mayaƙan Sifaniya mai suna Gil González Dávila ya iso bakin tabkin. Ya ga ruwa iya ganinsa, ga igiya kamar teku, ya ɗanɗana ya ji ba gishiri, sai ya raɗa masa suna da harshensu, ma'ana teku mai ruwan daɗi. Shekara guda bayan haka aka kafa birnin Granada a bakinsa. Tun a wannan ƙarni na 16 marubucin tarihin nan Gonzalo Fernández de Oviedo ya ambaci manyan kifayen teku da ake samu a tabkin, har da kifi mai zarto, wanda hancinsa dogo ne mai haƙora gefe da gefe. A 1539 wasu Sifaniyawa biyu, Alonso Calero da Diego Machuca, suka bi kogin San Juan tun daga tabkin har teku. Daga ranar kowa ya san akwai hanya.

Kuma an bi hanyar, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A 1665 ƴan fashin teku, cikinsu har da Henry Morgan, suka hauro kogin da kwalekwale, suka ƙetare tabkin, suka washe Granada. A 1670 wasu suka sake. Abin ya ishi Sifaniya, ta gina ganuwar yaƙi a El Castillo, daidai kan ɗaya daga wuraren duwatsun, aka gama ta a 1675. A 1780 sojojin Ingila suka hauro kogin don ƙwace wannan ganuwa, cikinsu akwai wani matashin hafsa ɗan shekara 21, Horatio Nelson. Daga 1851 kuwa, lokacin da ake rububin zinariya a Kalifoniya, attajirin nan Cornelius Vanderbilt ya sa jiragen ruwa masu tururi suna ɗaukar dubban fasinjoji ta wannan kogi zuwa tabkin, daga nan a ƙarasa da keken doki zuwa Fasifik. Gaskiya ne a wajen duwatsun wani lokaci sai an sauka an canza jirgi. Amma dai kogi ne da mutane ke hawa da sauka shekara ɗari uku.

A nan ne masana suka shigo. A ƙarni na 19 Amurka na neman inda za ta haƙa mashigin ruwa tsakanin tekunan biyu, kuma kafin a tsayar da shawara kan Panama, Nikaraguwa ce kan gaba. Cikin masu zuwa awon ƙasa akwai wani likitan sojan ruwa, John Bransford, wanda ya tattara kifayen tabkin. A 1877 shi da masanin kifi Theodore Gill suka wallafa cewa shak na tabkin jinsi ne na dabam, suka ba shi sunan ƙasar, nicaraguensis. Daga baya, a 1899, wani masanin duwatsu mai suna Hayes ya kawo bayanin da ya yi wa kowa daɗi. Wai a zamanin da tabkin wani lungu ne na tekun Fasifik. Duwatsu masu aman wuta suka toshe bakinsa, kifayen teku suka maƙale a ciki, ruwan sama ya yi ta wanke gishirin a hankali, su kuma suka saba. Kogin San Juan fa? Aka ce ai duwatsunsa ba za su bar babban kifi ya wuce ba.

Kun ga labari mai daɗin ji. Yana da aman wuta, yana da fursuna, yana da dubban shekaru. Littafi ya kwafa daga littafi, malami ya faɗa wa ɗalibi, aka riƙa cewa ga shak ɗaya tilo a duniya da ke kulle cikin ruwan daɗi. Har manyan masanan kifi biyu na jami'ar Harvard, Henry Bigelow da William Schroeder, sun bar shi a matsayin jinsi na dabam cikin babban littafinsu na 1948. Abin da ya fi ba ni mamaki da na karanta shi ne wannan: kogin da ƴan fashi suka haura da kwalekwale cike da makamai, kogin da jirgin tururi ya bi, shi ne aka ce ya gagari kifi mai ƙarfin bijimi. Tarihin ƴan fashin yana cikin wasu littattafai, bayanin kifin yana cikin wasu, ba wanda ya ajiye su gefe da gefe.

Gyaran ya zo a mataki biyu. A 1961 Bigelow da Schroeder suka sake auna samfurin kifin tabkin, suka gwada da bijimin shak na teku, suka ga ba wani bambanci. Suka janye maganarsu ta 1948 da kansu. Wannan ya burge ni, don ba kowane babba ke iya cewa na yi kuskure ba. Sai dai tambaya ta saura. In kifi ɗaya ne, shin na tabkin a kulle suke, ko suna zuwa suna komawa?

Wanda ya amsa ta shi ne Thomas Thorson, malami a jami'ar Nebraska. Ku duba taswira: Nebraska jiha ce a tsakiyar Amurka, ba ta da bakin teku ko taku ɗaya, kamar dai Nijar. Ya fara zuwa Nikaraguwa a farkon shekarun 1960 don nazarin jinin kifin. Daga 1966 ya shiga aikin da ba wanda ya yi kafinsa. A kama shak da rai, a maƙala masa ƴar alama mai lamba a fiffikensa, a rubuta rana da wuri, a sake shi. In wani masunci ya sake kama shi wata rana, lambar za ta faɗi daga inda ya fito. Ya yi wannan aiki a bakin teku, musamman wajen Barra del Colorado a ƙasar Kosta Rika inda galibin ruwan San Juan ke fita, ya kuma yi a San Carlos a bakin tabkin. Aiki ne na rana da sauro da haƙuri, kuma bai yiwu ba sai da hannun masuntan wurin, don su ne suka san inda kifin yake, su ne kuma suka maido da lambobin.

A 1971 ya wallafa sakamakon. Cikin 1,450 da aka sa wa lamba a bakin teku, an sake kama 10 a cikin tabkin. Cikin 146 da aka sa wa a San Carlos, an kama 28 a gaɓar Karebiyan. Wasu sun yi tafiyar cikin kwana 7 zuwa 11. Goma cikin 1,450 kamar ba yawa, amma ko ɗaya ya isa ya rushe maganar kulle. Binciken ya kuma nuna cewa matan sun fi haihuwa can wajen bakin kogi kusa da teku. Tabkin wurin kiwo ne, suna shiga su ci su fita. Shekara 94 ke nan tsakanin 1877 da 1971. Hausawa suka ce gani ya kori ji, amma a nan sai da ji ya yi mulki kusan ƙarni guda kafin gani ya iso.

Da a nan labarin ya tsaya, da na rufe da murna. Bai tsaya ba. A daidai shekarun da Thorson ke ƙirga lambobinsa, a zamanin mulkin Anastasio Somoza, aka buɗe kamun shak da kifi mai zarto na kasuwanci a tabkin, da masana'antar sarrafa su a Granada. Nama a sayar, fata a jeme, fiffike a busar a kai kasuwannin Asiya inda ake yin miya mai tsada da shi. Thorson ya ƙiyasta cewa tsakanin 1970 da 1975 an kama kifi mai zarto tsakanin 60,000 da 100,000 a tabkin. Shak ma haka aka yi ta ɗibarsa, a tabki da bakin kogi. Kafin shekarun 1980 su yi nisa kamun ya durƙushe, don abin kamawa ya ƙare. A 1982 mutumin da ya tabbatar wa duniya cewa kifin na tafiya, shi ne ya zauna ya rubuta bayanin yadda aka kusa ƙarar da shi.

Me ya sa ya ƙare da wuri haka? Saboda shak ba tarwaɗa ba ne, ba karfasa ba ne, da ke zuba dubban ƙwai. Macen bijimin shak ciki take ɗauka na wata goma zuwa shekara guda, ta haifi ƴaƴa rayayyu, daga ɗaya zuwa 13. Ɗan kuma sai ya shekara goma ko fiye kafin ya isa haihuwa. Kamar garken shanu ne: in ka yanka shanun tatsa a shekara guda, ba ka da garke baɗi. Ga shi kuma hanyarsu ɗaya ce, siririn kogi, wanda ya shimfiɗa raga a bakinsa ya tare kowa. Bayan faɗuwar Somoza a 1979 sabuwar gwamnati ta dakatar da kamun na wani lokaci, a 2006 kuma Nikaraguwa ta haramta kama shak da kifi mai zarto a ruwanta na daɗi. Amma har yau ganin shak a tabkin abu ne mai wuya. A duniya baki ɗaya ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa bijimin shak cikin masu rauni, kifi mai zarto kuwa cikin waɗanda ke gab da ɓacewa.

Kar wani ya ce na mai da shi ɗan rago. Bijimin shak na kashe mutane. Ma'ajiyar bayanan cizon shak da ke jihar Florida ta sa shi cikin jinsi uku da suka fi cizon ɗan Adam, tare da farin shak da mai zanen damisa. Dalilin a fili yake: inda yake so nan mutane suke, bakin gaɓa, bakin kogi, ruwa mai laka. A irin wannan ruwa ba ya gani sosai, da ƙamshi da motsi yake farauta, sau da yawa sai ya bangaji abu sannan ya ciza. Waɗanda ke sauraron labaran Faransa za su tuna tsibirin La Réunion, inda tsakanin 2011 da 2019 mutum 11 suka mutu, galibi matasa masu wasan sulu a kan igiyar ruwa, har hukuma ta hana wanka a yawancin gaɓar tsibirin a 2013. Uwar da ta rasa ɗanta a can ba za ka yi mata lissafi ba. Amma mu da ke karanta tarihi dole mu yi. A shekara, duk jinsin shak a haɗe, waɗanda suke kashewa a duniya ba su cika wuce mutum goma ba. Wani bincike na 2013 ya ƙiyasta cewa mutane na kashe shak wajen miliyan 100 a shekara. A tabkin Nikaraguwa an zauna da wannan kifi ɗaruruwan shekaru ana tsoronsa, ana wanki da wanka da kamun kifi a gefensa. Shekara goma na ciniki suka yi masa abin da tsoron bai taɓa yi ba.

Na koma wajen abokina na ce ya ci gardama. Amma abin da ya tsaya mini a rai ba kayen ba ne. Mu ɗalibai mun saba da hadda. Mushe ya rubuta a allo, mu kwafa, ranar jarrabawa mu mayar masa da abinsa. Ba laifi ba ne a yarda da littafi, don ba wanda zai iya gwada komai da kansa. Sai dai maganar kullen nan ba jahilai suka yi ta ba, masana ne, kuma ta daɗe ne saboda tana da daɗin faɗi, ba wanda ya ga dalilin shiga kwalekwale ya duba. Abin da ya karya ta ba wata babbar na'ura ba ce. Ƴar lamba ce, da littafin rubutu, da masunta, da shekara biyar na jira. Wannan bai fi ƙarfin ɗalibin Maraɗi ko Tawa ba.

Abu na biyu ya fi nauyi. Sanin gaskiya bai ceci kifin ba, don ya iso a lokacin da raga ta riga shi. Mu ma muna da ruwa da kifi da masunta, daga Madarunfa zuwa tabkin Cadi. Duk wanda ya zauna da tsohon masunci zai ji yana lissafa kifayen da ake kamawa yana yaro waɗanda yanzu sai an dace. In ba a rubuta sunayensu da lokacin zuwansu da hanyar da suke bi ba tun masu sanin suna raye, wata rana wani zai zo ya tsara mana labari mai daɗi a kansu, mu haddace. Ni dai hutun nan mai zuwa na yi niyyar zuwa Madarunfa da littafi da bik. Wanda ke da sha'awa cikinku ya same ni bayan taron ƙungiya, mu haɗa kuɗin mota.